Abin da na koya a gidan Kingscote

Lokacin da nake karatun zanen gine-gine a Amurka, malamarmu ta kai mu Newport, garin bakin teku a jihar Rhode Island. Ni hankalina duk yana kan The Breakers, katafaren gidan iyalan Vanderbilt mai ɗakuna 70. Sai ta tsayar da mu a ƙofar wani gidan katako a titin Bellevue, ta ce a nan za mu yini. Gaskiya raina bai so ba.

Sunan gidan Kingscote. Richard Upjohn ne ya zana shi a 1839, aka gama ginin a 1841, tun kafin attajiran New York su cika titin da fadojinsu. Yana cikin gidajen farko da aka gina a garin don kawai a zo a sha iska lokacin zafi.

Aikin da aka ba mu shi ne kowa ya zana ɗaki ɗaya da hannu, ba kyamara. Na zaɓi ɗakin cin abinci, wanda kamfanin McKim, Mead and White ya ƙara a 1881. Sai da na zauna da fensir na lura cewa silin ɗin an lulluɓe shi da ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi, kuma tubalan gilas na Tiffany, shahararren mai ƙera gilas, suna tace hasken rana ya shigo a tausashe. Da hoto na ɗauka, da na wuce ban gani ba. Tun ranar ba na yanke wa gini hukunci sai na zana shi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai tambayar malamar ce: "Da kuɗin wa aka gina shi?" George Noble Jones, wanda aka gina wa gidan, manyan gonaki gare shi a Florida, bayi ke noma su. Shi yana nan yana shan iskar teku, su suna can cikin rana. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke iyalinsa suka bar Newport, a 1864 gidan ya koma hannun William Henry King, ɗan kasuwar da ya yi arziki a ciniki da ƙasar Sin. Dangin King suka riƙe shi har 1972.

A rahotona na cika shafi uku kan tagogi da rufi, bayin kuwa layi ɗaya na ba su. Malamar ta ja jan biro a ƙarƙashin layin, ta dawo mini da takardar. Na sake rubutawa daga farko, wannan karon daga gonakin Florida na fara.