Godiya bayan yaye 'yan aji shida na 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mu ne malaman da aka ɗora wa shirya bikin yaye ɗalibanmu na aji shida. Yanzu da aka naɗe rumfuna, aka kwashe kujeru, aka mayar wa kowace uwa tukunyarta, ya kamata mu zo mu ce mun gode. Alhamdulillah, taro ya tashi lafiya, kuma ba mu ji wanda bai isa gida lafiya ba.

Da iyaye za mu fara, don su suka ɗauki nauyin da ya fi na kowa. Wannan ajin bai zo a lokacin sauƙi ba. Sun shiga aji ɗaya a ƙarshen 2019, ko zango na biyu ba su kammala ba aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, suka shafe watanni a gida. Suna aji huɗu aka faɗa ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da uba yana da kuɗi a banki amma ba shi da ɗari biyun da zai ba yaro ya hau adaidaita. Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na shekarar, kuɗin mota ya tashi, na littafi ya bi bayansa. Duk da haka kun riƙe su har suka zauna WAEC da NECO. Iyayenmu maza da mata, Allah Ya saka muku da alheri, Ya sa ku ci gajiyarsu.

Mutane da yawa, har da malaman wasu makarantu, sun tambaye mu yadda aka shirya sassan nan biyu da suka fi ɗaukar hankali, wato waiwaye da hasashe. Za mu bayyana a nan, tare da godiya ga waɗanda suka yi aikin.

Waiwaye ba shi da wuya. Mako uku kafin biki aka ba kowane ɗalibi rabin shafi da tambayoyi uku: wane wuri a makarantar nan ba za ka manta ba, wace rana ce ta fi tsaya maka a rai, kuma wa kake so ya yafe maka. An hana rubuta "makaranta ta koya mana tarbiyya" da ire-irensa, domin idan aka bar ƙofar nan a buɗe kowa ta nan zai bi. Da aka toshe ta sai abin gaske ya fito. Sun rubuta darbejiyar bayan ɗakin gwaje-gwaje inda ake cin awara lokacin tara. Sun rubuta tsohon wilin motar da ake bugawa a matsayin ƙararrawa, da yadda mai makara yake jin sautinsa tun daga bakin titi ya san yau sai shara. 'Yan kimiyya kuwa kusan bakinsu ɗaya a kan ranar gwajin Kimistiri: ana ɗiga asid ɗigo-ɗigo, ido a kan kwalba, ana jiran ruwan ɗorawa ya juye, hannu ya ɗan zarce sai ya koma ja, a zubar a sake daga farko. Tambaya ta uku ce ta sa wasu iyaye mata share ido da gefen mayafi. Mun gode wa malaman Hausa da na Turanci da suka karanta takardun nan duka, suka gyara rubutu ba tare da sun taɓa maganar yaran ba.

Hasashe shi ne ya ci mana lokaci. An rubuta sunan kowa a 'yar takarda, aka nannaɗe, aka zuba a ƙwarya biyu, ta maza daban ta mata daban. Kowa ya sa hannu ya ɗauki ɗaya. Wanda ya ɗauko nasa ya mayar. Aikin shi ne ka rubuta inda kake hango mai sunan a 2035, layi biyar kacal. Zagayen farko bai yi kyau ba. Rabin ajin ya zama gwamna, sauran attajirai, 'yan mata kuma aka aurar da su ga manya aka tsaya nan. Sai aka mayar da takardun da sharaɗi ɗaya: duk abin da ka hango, ka kawo hujja daga abin da idonka ya gani a aji. Nan fa aka ga bambanci. Wanda kullum ake kai wa fitila da caja ya gyara aka hango shi da shagon haɗa sola. Wadda take riƙe kuɗin adashen aji shekara uku ba a taɓa jin ko naira biyar ta ɓace ba aka hango ta akanta. Mai raba faɗa aka ba shi alƙalanci. Wadda ƙannen aji ɗaya suke bi da littafin lissafi har bakin ƙofa aka ce malama ce tun yanzu, takarda kawai ta rage.

An kuma kafa iyaka: ba zancen jiki ko kama, ba zancen halin gidan kowa, ba zolayar aure, ba laƙabin da mai shi ba ya so. Malamai biyu, namiji da mace, suka tace kowace takarda, kuma sunan marubuci yana wurinsu ko da ba a karanta shi a fili ba. Wannan matakin kada wanda zai kwaikwaya ya tsallake shi. Wasan da aji ya saba da shi, idan ya fita ta lasifika a gaban mahaifin yarinya, wani abu ne daban.

Godiya ta musamman ga malamin da ke ba ɗalibai shawara kan karatun gaba. Shi ya ce kada a buga hasashe haka kawai, a sa masa hanya a ƙarƙashinsa, kuma shi ya zauna ya rubuta wa kowa layi biyu. A ganinmu wannan ne ya fi komai amfani a littafin da muka buga na bikin, don haka za mu maimaita muhimman abubuwan saboda iyayen da ba su samu zuwa ba.

Wanda aka hango likita, sai da kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da yawa a zama ɗaya suke so, ba haɗin WAEC da NECO ba. A JAMB kuma Turanci, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji zai rubuta, karatun kuma shekara shida ne. Injiniya yana ajiye Bayoloji ya ɗauki Lissafi, shekara biyar. Mai son lauya, Adabin Turanci ne yake kayar da mutane, don da yawa suna gudunsa tun aji huɗu sai a ƙarshe su ga ba makawa. Bayan shekara biyar a jami'a akwai makarantar horas da lauyoyi, wadda take da reshe a Bagauda. Wanda aka hango da kaki, makarantar horas da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna da Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil kowace tana da nata fom ƙari a kan na JAMB, da gwajin lafiya da na tsawo. Mai son tuƙin jirgi kwalejinsa tana Zariya tun 1964, amma kuɗinta ba na wasa ba ne, gara a fara neman tallafin karatu da wuri. Malanta ta hanyar NCE shekara uku ce. Foliteknik shekara biyu ce ta ND, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan biyu na HND.

Ga inda ake yawan yin tuntuɓe. Kiredit yana tsayawa ne a C6. D7 da E8 ba sa shiga lissafin biyar ɗin nan, komai yawan A1 da ke gefensu. Wanda Lissafi ko Turanci ya kayar, akwai jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC da ta NECO a ƙarshen shekara, kuma yawancin kwasa-kwasai suna karɓar zama biyu. Ana iya canza kwas ko makaranta a JAMB bayan jarrabawa, amma ba a canza darussa huɗun da aka riga aka rubuta, don haka sabon kwas ɗin dole ya dace da su. Idan sakamako ya fito, a je cibiyar jarrabawa ta kwamfuta (CBT) da JAMB ta amince da ita a ɗora shi; yaro yana iya cin maki mai kyau a cikin 400 ya zauna shiru ba gurbi, alhali sakamakonsa ne kawai ba a ɗora ba. Idan gurbi ya fito a CAPS, wato shafin JAMB na ba da gurbin karatu, sai an shiga an karɓa, kuma gurbin da bai bi ta CAPS ba yakan zama matsala ranar da za a tafi bautar ƙasa. Sai batun suna. A ɗauko katin NIN, takardar JAMB da ta WAEC a jera su a kan tabarma a duba harafi-harafi, da ranar haihuwa. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan uba ya koma gaba a ɗaya, ya isa ya tsayar da mutum a wurin tantancewa. Wanda makinsa bai kai ba kuma kada ya ɗauka an rufe ƙofa: akwai IJMB, karatun share fagen shiga jami'a da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke kai mutum aji biyu na jami'a kai tsaye idan ya ci.

Ba kowa aka hango a jami'a ba, kuma mun ji daɗi da yaran ba su ɗauki hakan ƙasƙanci ba. An hango wasu a Kantin Kwari, wasu a Singa da Dawanau, wasu da keken ɗinki da yara goma a ƙarƙashinsu. Mun gode wa 'yan kasuwa biyu daga cikin iyaye da suka tashi suka yi bayanin zaman yaron shago: shekarun da ake yi kafin sallama, riƙon littafin bashi, da dalilin da ya sa mai takardar sakandare yake saurin kama lissafin kaya.

Yanzu ga waɗanda suka yi aikin da ba a gani daga kan mumbari. Iyaye mata na kwamitin girki, Hajiya da tawagarta, tun asuba kuna bakin murhu, sannunku da aiki. Lissafinku ne ya cece mu. Mun buga kati a kan baƙo biyu ga kowane ɗalibi, kuka ce a ƙara rabin adadin a kai, domin uwa ba ta zuwa ita kaɗai, da goggo da ƙanne da maƙwabciya. Haka kuwa aka yi. A ma'auninku buhun shinkafa mai kilo 50 yana fitar da roba 350 zuwa 400, fiya wata kuma biyu ga kowane mutum, leda ɗaya mai guda 20 ta mutum goma ke nan. Zoɓo ya kai har ƙarshe. Kunun aya ne ya ba mu kunya: an dama shi da wuri, ƙanƙarar da aka sayo da safe ta narke kafin sha ɗaya, jarka biyu suka yi tsami aka zubar. Ba laifin masu damawa ba ne, namu ne da ba mu raba sayen ƙanƙara kashi biyu ba.

Muna ba da haƙuri kan yankewar lasifika ana tsakiyar karatun hasashe. An haɗa na'urar sauti da fankoki a ƙaramin janareto ɗaya, nauyi ya yi masa yawa. Maƙwabcinmu mai walda ne ya turo nasa aka raba layin, Allah Ya biya shi. Mun gode wa Baba maigadi da samarin unguwa da suka tsara ajiye babura, kuma suka danne ƙafafun rumfa da buhunan yashi da suka ga hadari ya taso daga gabas. Bikin damina a fara shi da ƙarfe tara a tashi kafin azahar. Mun makara da minti arba'in, da kyar muka sha.

Haƙuri na biyu ya fi nauyi. Da za a karanta hasashen kowa a minti ɗaya-ɗaya, da an kusa awa biyu, shi ya sa aka yi ƙuri'a aka karanta 30, sauran aka bar su a littafi. Mun ga fuskokin iyayen da suka taso daga nesa ba su ji sunan ɗansu ba. Da mun lika duka a allo a bakin ƙofa da an rage wannan. Littafin ma bai tsira ba: a bugun farko duk ƙ da ɗ da ɓ sun koma 'yan akwatuna, saboda kwamfutar maɗaba'a ba ta da irin rubutun da muka yi amfani da shi. Mai maɗaba'ar ya sake buga shafukan bai ƙara ko sisi ba, mun gode masa. Maganin abin shi ne a kai aiki a PDF, kuma a karɓi kwafi ɗaya a duba kafin a ce a buga sauran.

Mun gode wa shugaban makaranta da mataimakansa, da Mai unguwa, da Malam liman da ya buɗe taro ya rufe da addu'a, da tsofaffin ɗalibai da suka ɗauki nauyin kyaututtuka, da 'yan aji biyar da suka yi hidimar ruwa da kujeru. Ɗaliban da kansu suka nemi a sa sunayen waɗanda aka fara aji ɗaya da su amma ba a ƙarasa tare ba, waɗanda aka yi wa aure, waɗanda suka koma kasuwa, waɗanda suka sauya gari. An sa su a ƙwarya kamar kowa, kuma an ajiye musu kwafinsu. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ɗalibai da malamai, Allah Ya jiƙansu Ya sa Aljanna ce makomarsu.

Ku kuma 'ya'yanmu, mun yafe muku, ku ma ku yafe mana bulala da tsawa. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku sakamako mai kyau.

Takardar shaidar kammalawa tana ofishin mataimakin shugaba daga Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe tara zuwa ɗaya. A zo da hoto biyu, kuma a mayar da littattafan laburare tukuna. Malamin shawara zai zauna kowace Laraba har a gama ɗora sakamako. Akwai kuma kayan da aka tsinta: huluna uku, mayafi ruwan toka, makullin babur, da takalmin jariri ƙafar hagu. Suna wurin Baba maigadi.

Kwamitin shirya yaye 'yan aji shida