Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Gadon da Aka Dawo da Shi

Assalamu alaikum. A makon jiya mun rabu a daidai ranar da ogana ya miƙo mini mabuɗin rumfarsa ta kafinta a Tsohuwar Panteka, kasuwar masu sana'ar hannu a Kaduna, ya ce daga yau ni ke buɗewa, ni ke rufewa. Zan tsallake shekara biyu da babu komai a cikinsu sai ƙurar katako da tabo a yatsu, in kai ku 2013, shekarar da aka sa ranar auren ƙanwata.

Duk wanda ya aurar da 'ya a ƙasar Hausa ya san sa rana farin ciki ne ga kowa, ban da uban amarya. Gado na jiransa, da katifa, da sif, da madubi, da kujeru, ga gara a bayansu. Baba kuwa tun da masaƙar da yake aiki a Kakuri ta rufe a 2007 bai sake riƙe albashin kirki ba. Gadi yake yi da dare, da rana ya zauna a zaure da rediyonsa. Wata Asabar ya saka babbar rigarsa ya tafi zagayen shagunan kayan ɗaki. Da ya dawo bai ce wa kowa uffan ba, ko kwanon da Inna ta ajiye masa bai buɗe ba. Kafin ya fita gadi na same shi na durƙusa, na ce, "Baba, a bar mini gado da sif." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Da wane katakon?" Na ce Allah zai kawo.

Ni dai na san inda Allah ya riga ya ajiye shi. A bayan layinmu akwai masu sayar da falet, wato katakon nan da ake ɗora kaya a kai a cikin kwantena, in an sauke kayan sai a jefar da shi, ko a sayar wa masu tuyar ƙosai su hura wuta. Ogana yakan ce wannan ba sabon abu ba ne a Kaduna. Tun da aka buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a Kakuri a 1975, wato Fijo a bakinmu, sassan mota a manyan akwatunan katako suke zuwa daga Faransa, kuma shi kansa da irin akwatunan nan ya koyi yin ƙofa da benci. In ya ga sabon katako ɗanye da aka yanko jiya, wanda zai lanƙwashe kafin hunturu ya wuce, sai ya taɓe baki ya ce gara tsoho da ya riga ya gama fushinsa.

Sai dai falet ba ya ba da kansa cikin sauƙi. Ƙusoshinsa murɗaɗɗu ne, an yi su don kada su fita, in ka sa ƙarfi katakon ne zai tsage ya bar ka da ƙusa a hannu. Na ɓarnatar da guda uku kafin na gane cewa gara in zura zarton ƙarfe tsakanin katako biyu in yanke ƙusar, sannan in buga guntun ya fita ta baya. Akwai kuma maganar hatimi. Wani ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, cikin waɗanda kan zo Panteka a haɗa musu aikin kammala karatu, shi ya nuna mini tambarin da ake ƙonawa a gefen kowane falet da ya ƙetaro teku. In ka ga HT, an gasa katakon ne har cikinsa ya kai zafin digiri 56 na minti 30 don ƙwari su mutu, wannan babu laifi. In ka ga MB, hayaƙin guba aka yi masa, kada ka kusantar da shi inda mutum zai kwana ko ya ci abinci. Wanda ya sha baƙin mai ko ya ɗauko taki shi ma ajiye shi gefe. Tun daga ranar ban sake sayen falet ba sai na juya shi na karanta, har masu sayarwa suka fara kirana malamin hatimi.

Wata biyu na yi, daga la'asar in an tashi aiki har magariba ta wuce. Na goge kowane katako, na jera su ɗaya kusa da ɗaya na haɗa allon kai, na ninka uku-uku na yi ƙafafu. Gado ya fito da nauyin da sai mutum huɗu. Daga nan na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya, amma ba irin kunyar da na ji a lokacin ba. Na kwaɓa garin katako da gam na toshe kowane ramin ƙusa, na shafe shi da fenti ruwan ƙasa mai duhu har sau uku, don kada wani mahaluki ya gane daga inda ya fito. Ogana ya tsaya a kaina yana kallo, ya ce, "Kai yaro, katako kake wa fenti ko asiri kake rufewa?" Na yi dariya na ce duka biyu.

Ranar jere, mata suka cika ɗakin amarya a Rigasa, Gwaggo yayar Baba ce a gaba. An ɗaura gado, an yaba, har wata ta tambayi ko daga Kano aka kawo shi. Da aka zo ɗora katifa sai ɗaya daga cikin katakan shimfiɗa ya zame, Gwaggo ta ɗauka ta juya shi. Shi kaɗai ne na manta ban goge bayansa ba. Ga hatimi nan baƙi ƙirin, da lambobi, da rubutun boko. Ta aika aka kira ni daga waje.

"Wannan fa?"

Na ce, "Gwaggo, katako ne mai kyau, ya fi na kasuwa ƙarfi."

"Ban tambaye ka ƙarfi ba. Ina ka samo shi?"

Da na faɗa mata, sai ta ajiye shi a hankali kamar wanda ya ɗauki ƙazanta, ta ce, "Ina raye ba za a kai 'yar ƙanina ɗakin miji a kan gadon bola ba." A daren ta karɓo kuɗin adashinta, ta ƙara da bashi, aka sayo gadon MDF, wato matsattsen garin katako, mai sheƙi da madubi a allon kai. Sif ɗin da na yi ya tsira don babu wanda ya leƙa bayansa. Gadona kuwa a kura aka turo shi gida, ana kiɗan biki a can, ni ina bin mai kura a baya.

Na yi wata guda ban gaishe da Gwaggo da fuska a sake ba, Allah ya yafe mini. Abin da ya riƙa ci mini rai shi ne, tukunyar da take dafa tuwo a Panteka aka zuba ta, da narkakken gwangwanin lemo da tsoffin sassan inji. Gugan rijiyarta tsohon tiyub ne na mota. Da aci-balbal na gwangwanin madara ta yi renon Baba. Mu Hausawa ba yau muka fara tayar da mataccen abu ya koma aiki ba, har takalmin taya kakanninmu sun taka. Amma duk wannan a tsakar gida ne da madafa. Da zarar abu zai shiga ɗakin amarya, sai asalinsa ya zama abin tambaya kamar na mai neman aure. Yanzu da na girma na rage ganin laifinta. Ba ni 'yan ganin ɗaki za su yi wa gori ba, yarinyar ce za ta zauna da dangin miji, kuma kalma ɗaya daga bakin facala tana iya bin mace shekara goma.

Gadon ya zauna a zaure ya tare hanya, Baba na jingina da shi yana jin labarai. Wata Juma'a da haushi ya ciyo ni na ɗauko guduma na warware shi gaba ɗaya. A ƙofar makarantar allon layinmu dattawa kan zauna a kan wani kututture da tsohuwar tabarma, na ce to ga masu so. Na fitar da benci biyu dogaye masu majingina. Da yake ba na tsoron idon kowa kuma, sai na kankare fentin nan sau ukun har ƙasa. A nan na fara ganin katakon da idona. Wani fari tas, wani ja-ja, wani da gaɓoɓi kamar idanu, ga ramukan ƙusa da baƙin tsatsa ya zagaye su. Na shafa masa mai kawai na bar shi haka, hatimin ma na juyo shi waje.

Sauran aikin almajirai ne suka jawo shi. Suna wasa da marafan kwalba a gindin bencin, sai wani ƙarami ya ɗauki ƙusa ya kafa ɗaya a majingina. Na ɗaga hannu zan make shi, sai na tuna abu biyu. A 2011 ogana ya ɗauke ni a babur zuwa ƙauyen Yelwa, kusa da Kaduna, mu ga gidan da aka gina da robobin ruwa cike da yashi, an kwantar da su an ɗaure wuyansu da igiya an liƙe da laka, gindinsu ya fito a bango kamar zane. Na biyu kuma, ɗalibin nan ya taɓa nuna mini a wayarsa aikin El Anatsui, mutumin Gana da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka, wanda ke daddaƙe marafan kwalba ya ɗinke su da wayar tagulla su zama kamar ƙaton zane a bango, har manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka ke rububinsu. A lokacin dariya na yi. Ranar nan kuwa na sauke hannuna, na ce wa yaron ya je ya kira 'yan uwansa, kowa ya kawo marfi.

Cikin mako biyu suka cika buhu. Malam ya fito ya zuba hannu a ciki, ya ce bai hana ba, amma da sharaɗi: a tsince na giya a zubar, ba za a kafa su a ƙofar makarantarsa ba. Haka yara suka zauna suna tantancewa, ja gefe, kore gefe, ruwan ɗorawa gefe, na haram a rami. Na zana Dagin Arewa da alli a majinginar kowane benci, su kuma suka bi layi suna bugawa, kowa da ƙusarsa. Bai fito daidai ba, wani ɓangaren ya fi wani ƙiba, kuma na bar shi haka don ko na gyara ba nawa ba ne. Mai faci na bakin titi ya ba mu tsoffin tayoyi shida, muka huda ƙasansu don kada ruwa ya kwanta sauro ya samu gida, muka saƙa samansu da igiyar leda suka zama kujeru. Kafin azumi majalisar ta koma wurin da masu wucewa ke tsayawa ɗaukar hoto. Mai unguwa ya zo ya zauna, ya jijjiga bencin da ƙarfi ya ga ko gezau, ya ce a yi masa irinsa biyu. Shi ne kuɗin farko da na karɓa a kan falet ba tare da na ɓoye sunansa ba.

Gwaggo ta sha wucewa ta wurin in ta zo gidanmu, ba ta taɓa juyowa ta kalla ba.

Sai daminar 2016. Aka yi ruwan dare mai yawa, ya shiga ɗakin ƙanwata har idon sawu. Wanda ya san MDF ya san garin katako ne da gam aka matse, in ya sha ruwa sai ya kumbura kamar burodi, ƙusa ba ta ƙara kama shi. Kwana uku bayan haka, ina tsakar yanka a rumfa, wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce sif ɗin yana nan ƙalau, ko ɗaga shi ba a yi ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, gadon nan fa, yana nan?" Na rasa ta yadda zan gaya mata cewa dattawa shida ke zaune a kansa kowace la'asar. Ban gama haɗa amsa ba na ji an karɓe wayar daga hannunta, wata murya da na sani sarai ta ce, "In ka tashi aiki ka biyo ta gidana, ka taho da abin awonka."

Abin da ya faru a ɗakin Gwaggo a daren nan, da sharaɗin da ta gindaya mini, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.