Yadda muka kashe rigimar kuɗin wuta a gidanmu na haya a Aboabo

Wani ƙanina da ke zaune a Ingila yake ce min wai su can in kamfanin wuta ya yi maka tsada sai kawai ka bar shi ka koma wani. To mu nan Kumasi a Ghana, inda unguwarmu ta Aboabo take, babu wannan zancen. ECG, wato kamfanin wuta na kudancin ƙasar, ce ke raba wuta a nan da Akra, in ka haura arewa su Tamale da Bolga da Wa kuma NEDCo ce, farashin ma ba kamfanin ke yankewa ba, hukumar PURC mai kula da farashin wuta da ruwa ce ke duba shi duk bayan wata uku ta sanar. Zaɓin da ya rage wa ɗan haya shi ne yadda za a tsara mita a cikin gida, kuma wallahi a nan ne kuɗi ke zurarewa mutane ba su sani ba.

Gidanmu irin gidajen zango ne, ɗakuna tara a kewaye da tsakar gida ɗaya, bayi ɗaya, famfo ɗaya, mita ma ɗaya ta firifed, wadda sai ka loda mata kuɗi take ba ka wuta. Tsarin da na tarar shi ne lissafin maki. Kwan fitila maki ɗaya, fanka ɗaya, talabijin ɗaya, firji biyu, dutsen guga biyu, a tara makin kowa a raba kuɗi. A baki abin kamar adalci ne, amma duk wata sai an yi faɗa, saboda kiredit ɗin da aka ce zai kai ƙarshen wata tun ana tsakiya mita ta fara kuka, wani lokaci cikin dare ana zafi yara na ta juyi, sai kowa ya fito da tocilan yana kallon ƙofar maƙwabcinsa. Mutanen da ke sallah sahu ɗaya sun kai ba sa gaisawa da safe a kan sidi (kuɗin Ghana) ashirin, ni wannan ne ya fi ci min rai.

Da na zauna da wani mai gyaran wuta na unguwa ya fahimtar da ni abu biyu. Na farko, farashin wutar gida hawa-hawa ne. Wanda bai wuce yunit 30 a wata ba yana biyan farashi mai rahusa da aka ware don marasa ƙarfi, da can yunit 50 ne, a 2022 aka maido shi 30. In mita ta haura yunit 300 kuma kuɗin kowane yunit na sama sai ya ƙaru. To kamfani ba ya ganin ɗaki tara, mita ɗaya yake gani, kamar gidan wani attajiri mai na'urar sanyaya ɗaki. Malamin makarantar allo da ke ɗakin ƙarshe, mai kwan fitila ɗaya da fanka da cajin waya, da a ce shi kaɗai ke kan mitarsa da wataƙila yana cikin masu rahusar nan, amma ga shi yana biyan farashin manya.

Na biyu, makin nan ba ya auna komai. Yunit ɗaya wat dubu ne na tsawon awa ɗaya. Kwan LED mai wat 10 sai ya yi awa ɗari a kunne kafin ya ci yunit ɗaya, dutsen guga mai wat 1000 kuwa awa ɗaya ta ishe shi. Fanka mai wat 70 in ta kwana tana juyawa awa goma kullum, ta ci yunit 21 a wata. Mu kuma mun ba kwan fitila da fanka maki iri ɗaya, mun ba dutsen telan gidanmu da ke guga tun hantsi har la'asar maki biyu daidai da na wanda ke goge jallabiyarsa ran Juma'a kaɗai.

Na san in na zo da lissafi a takarda ba wanda zai saurare ni, sai na roƙi Baba mai gida ya tara mu bayan isha'i. Muka tsaya gaban mita, na ce kowa ya kashe komai na ɗakinsa. Akwai 'yar jar fitila a jikinta da ke ƙiftawa gwargwadon wutar da ake ja, ta tsaya cik. Aka kunna kwan Malam, sai ka jira ka jira kafin ta ƙifta sau ɗaya. Da aka jona tsohuwar firizar Hajiya mai sayar da sobolo (zoɓo) da burkina (abin sha na gero da nono), tana fara ruri fitilar nan ta shiga ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa, aka ƙara dutsen tela kuwa abin ba a magana. Hajiya ta riƙe haɓa ta ce, "Ɗana, kana nufin duk shekarun nan Malam ne ke biya min ƙanƙara?" Na ce, "Hajiya ba laifinki ba ne, tsarin ne muka gada a haka." Allah ya saka mata, ita ce ta fara cewa a raba mata mita.

Abin da muka tsayar shi ne masu jan wuta da yawa, ita da tela, su nemi mitarsu daban a ofishin ECG na yankinmu. Sun je da Ghana Card, wato katin ɗan ƙasa, da lambar adireshin gida ta GhanaPost GPS, da takardar amincewar Baba, sannan sai mai gyaran wuta mai lasisin hukumar makamashi ta Energy Commission ya duba wayarin ya sa hannu. Wasu samari sun zo suna cewa a ba su wani abu su kawo mita cikin sati, muka ce a'a, ofis za mu bi a ba mu rasit. Wanda wutarsa ta sana'a ce kuma ya faɗi gaskiya tun wurin cika fom, domin rukunin 'yan kasuwa farashinsa daban ne da na gidan zama.

Sauran mu da muka rage kan tsohuwar mita, kowane ɗaki ya sayi ƙaramar mita ta awo a shagunan kayan wuta na Adum, aka ɗaura a bakin ƙofa. Ita ba ta canza farashi fa, kamfani babbar dai yake gani, amfaninta kawai ta nuna abin da ɗakinka ya ci. Amma da firiza da dutsen tela suka fita, jimillarmu ta sauko ƙasa da 300 a mafi yawan watanni, wannan kaɗai ya rage mana nauyi sosai. Fitilar zaure da ta bayi da kuɗin hidima na wata-wata da ake cirewa in an loda kiredit, su muke rabawa daidai ɗaki-ɗaki.

Karɓar kuɗi hannu da hannu ma mun daina. Ranar ɗaya ga wata ni da yaron Malam muke zagayawa mu rubuta awon da kowace mita ta nuna a littafi mai ɗaki na tsaye yana gani, kowa ya turo nasa ta momo, wato tura kuɗi ta waya, in saya a manhajar ECG in jefa hoton rasit a gurup ɗin WhatsApp na gida. Tsofaffin da ba sa karatun boko ana yi musu saƙon murya.

Hajiya kuwa da ta ga abin da firizarta ke ci ita kaɗai, ta sa aka canza robar ƙofar da ta saki, ta janye ta daga jikin bango da kusa da murhu, yanzu tana zubin adashi za ta sayi sabuwa mai takardar taurari ta Energy Commission, wadda yawan taurarin ke nuna ƙarancin cin wuta. Dama tun 2013 aka hana shigo da tsofaffin firji ƙasar nan saboda wannan matsalar. Malam ne yanzu muke haɗa wa kuɗin raba waya don shi ma ya samu tasa mitar, tunda awonsa na nuna da wuya yake haura 30 in ba lokacin zafin Fabrairu da Maris ba, Baba mai gida ya riga ya sa hannu a takardarsa.