Kwanan Aji Ba Shi Ne Ƙwazo Ba

Da zarar an kafe jadawalin jarrabawa a jami'a, sai azuzuwa su cika da dare fiye da rana. Kowa da fitilarsa ta caji da fulas ɗin shayi da rigar sanyi, wai za a yi TDB, karatu har garin Allah ya waye. Ni ma na yi wannan rayuwar ina aji biyu, har ina yi wa masu komawa ɗaki ƙarfe goma kallon ragwaye. Da sakamako ya fito, su ne a gabana.

Abin da ban sani ba a lokacin, ƙannena, shi ne karatu sai da barci yake zama. Abin da ka karanta da rana, riƙon wucin gadi ƙwaƙwalwa take yi masa. Sai ka yi barci mai nauyi take bitarsa, ta tace shi, ta adana. Na taɓa shiga jarrabawa bayan kwanan zaune, na karanta tambaya, na tuna har gefen shafin da amsar take da jan biron da na ja mata layi, amma abin da ke rubuce a wurin ya ƙi zuwa. Ina ta tauna murfin biro, idanuna kamar an watsa musu barkono. A 1997 wasu masu bincike a Ostireliya sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa kan yi rauni daidai da na wanda ya ɗan sha giya. A haka muke shiga zauren jarrabawa, muna kiran abin ƙoƙari.

Lissafin ba wuya. Masana barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10, wanda ya haura haka kuma aƙalla awa 7. Mu da muke tashi sallar Asuba wajen ƙarfe biyar, ka ga ke nan ƙarfe goma ya kamata ta same mu a kwance. Wannan ma ba sabon ilimi ba ne a wurinmu: a Bukhari, Abu Barza ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ba ya son barci kafin Isha'i, ba ya kuma son hira bayanta. Mu kuwa bayan Isha'in ne ma majalisa take ɗaukar zafi.

Sai maganar teburin mai shayi, inda na fi cutar kaina. Nescafé, goro, lemukan ƙara kuzari, har shayin Lipton ɗin da muke rainawa, duk akwai kafeyin a cikinsu. Kafeyin ba ya kawar da gajiya, toshe saƙonta kawai yake yi kada ya isa ƙwaƙwalwa, gajiyar kuwa tana nan tana taruwa. Kuma ba ya saurin barin jiki: bayan awa 5 zuwa 6, kusan rabinsa yana nan cikin jini. Kofin da ka sha da Magariba, da shi za ka kwanta tsakar dare. Ni har cewa nake yi ba ya hana ni barci. Eh, nakan yi barcin, amma sama-sama, in tashi jiki a mace. In ba za ka iya bari ba, ka sha da safe, daga Azahar ka rufe.

Waya kuma, an ce hasken allonta yana jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki dare ya yi. Gaskiya ne, amma a ganina babban ɓarawon shi ne garaɓasar datar dare. Ka saya da niyyar sauke littattafai, ƙarfe biyu ta same ka a TikTok. Ajiye wayar inda sai ka miƙe tsaye za ka ɗauko ta.

In ka kwanta kamar minti 20 barci ya ƙi zuwa, kada ka yi ta juyi kana duba agogo. Tashi ka zauna cikin ɗan haske kaɗan, ka yi zikiri ko ka duba wani abu marar tayar da hankali, in ido ya yi nauyi ka koma. Lokacin bazara ka watsa ruwa kafin ka kwanta, ka ɗaura gidan sauro. Ƙailula tana taimakawa in ba ta wuce rabin awa ba, amma barcin bayan La'asar daga na dare yake ci.

Abin da nake roƙonku shi ne kada ku nufi kemis neman ƙwayar barci ko maganin mura don ya kwantar da ku. Ta irin wannan ƙofar wasu suka faɗa shan kodin, har gwamnatin Nijeriya ta haramta maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. In rashin barcin ya ɗauki makonni, ko damuwa ce ke hana ka, ko abokan ɗaki sun ce numfashinka yana ɗaukewa cikin minshari, asibitin makaranta za ka je.

Karatun da kake so ka yi ƙarfe biyun dare, mayar da shi bayan sallar Asuba. A lokacin aji ba kowa, gari da sanyi, sauro ma ya lafa.