Bashi da sunanta, rasit da sunansa

A gida Arewa idan aure ya mutu, kowa ya san yadda ake yi. Dangin mace su zo da mota su kwashe gado da kujeru da kwanuka, duk abin da iyayenta suka jera mata, miji ya zauna da gidansa. Da wannan tsarin muka taho Legas, amma zaman nan daban ne. Yawancinmu a ɗakin haya muke, iyaye suna can Kano ko Katsina ko Sakkwato, kayan ɗakin ma a nan aka tara su kaɗan-kaɗan, da guminta da nasa. Ni uwar adashi ce a Agege, kuɗin mata da yawa ta hannuna suke bi. Abin da nake gani kullum, wanda ba a cika tayar da shi a zaman sulhu ba, shi ne da sunan mace ake cin bashi, kadara kuma da sunan miji ake saye.

Akwai wata yarinya a adashina mai sayar da ƙanƙara da zoɓo. Kwasarta ta farko firiza ta saya. Maigidan ne ya je kasuwar Alaba ya ɗauko, aka rubuta rasit da sunansa, don shi ya miƙa kuɗin. Daga baya ya ce ya gaji da biyan balas ga mai babur, yana son nasa na kansa. Ta shiga irin bankunan nan masu ba mata rance a ƙungiya, kowace ta tsaya wa 'yar'uwarta, ana biya mako-mako. Ta karɓo, ta haɗa da kwasa ta biyu, ta damƙa masa. Takardun babur da sunansa, tunda shi ake tarewa a hanya.

Ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, a watan Satumba ta ƙara huɗu, har da Mushin da Oshodi. Bai daina lallaɓawa ba, don can ne fasinja yake. Aka kama babur ɗin, ba a sake ganinsa ba. Babu ta shigo gidan, faɗa ya biyo ta, ƙarshe ya rubuta takarda. Masu karɓar rance ba ruwansu da takardar saki. Ƙofarta suka sani, ranar biya kuma idan ta gaza, matan ƙungiyar ne za su cike, su bi ta da baƙar magana har bakin famfo.

Na halarci zaman da dattawa suka yi a tsakar gidan. An fito da katifa an jingina da bango, tukwane a cikin babban baho, kayan sawa a buhu. Da aka zo kan firiza, wan mijin ya zaro rasit daga aljihu. Na buɗe littafin adashi na nuna watan da ta kwasa da abin da ta kwasa, na ce a gwada da kwanan watan rasit ɗin. Aka bar mata. Sai na ɗauko zancen babur. Wani dattijo ya ce, "Haba Hajiya, ai tsakanin miji da mata babu bashi." Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, to bankin ya san da haka?" Yarinyar kanta a ƙasa, ta ce a hankali, "Cewa ya yi in ara masa, zai riƙa ba ni kowane mako."

Maganar nan ta babu bashi tsakanin ma'aurata tana ƙona min rai, don ba haka addini ya ce ba. A Musulunci aure ba ya cakuɗa dukiya. Sadakinta nata ne, cinikinta nata ne. A Suratun Nisa'i, aya ta 20, an ce ko tulin dukiya ka ba ta, kada ka karɓe komai daga ciki in za ka rabu da ita. Abin da ta ba shi da daɗin rai kyauta ne, ya halatta gare shi. Abin da ta ara masa yana wuyansa har ya biya. Malaman Malikiyya kuma sun yi bayanin jayayya kan kayan gida: abin da aka san na mata ne a ba ta da rantsuwa, na maza ko wanda kowa ke amfani da shi a bar wa miji da rantsuwarsa, sai in ta kawo shaida. Nan ake kayar da matan Legas. Janareta, talabijin, fanka, filin da aka yanka a Ifo ko Mowe, can wajen Legas, da kuɗin adashinta, in babu shaida sun tafi.

Maza ma suna da gaskiyarsu. Wadda ta ci bashin anko ko sarƙa ba da saninsa ba, kada ta rataya masa. Na ga wadda ta kwashe har keken ɗinkin mijinta don haushi, wannan ma zalunci ne.

Wahalar ita ce inda za a kai ƙara. Jihar Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci. Akwai fadar Sarkin Hausawa, akwai limamai, akwai kwamitin shari'a mai zaman kansa da aka kafa a 2002, wanda ke zama a babban masallacin Abesan da ke Ipaja. Suna ƙoƙari, sai dai ba su da ikon tilasta wa wanda ya ƙi zuwa ko ya ƙi biya. Dokar rabuwar aure ta 1970, wadda sashe na 72 nata ya ba babbar kotu ikon raba kadara, ta waɗanda suka yi auren rajista ce, ba ta shafi auren da aka ɗaura a masallaci ba. Can ɗin ma alƙali shaidar abin da mace ta zuba yake nema.

Sai gaggawar saka mace a mota. Yau an ba ta takarda, gobe an kai ta tasha, a ce ta je gida ta yi idda. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da matan da aka saka daga gidajensu. A garin da ake biyan hayar shekara gaba ɗaya, sau tari rabin kuɗin daga hannunta ya fito. Tana isa Arewa, shaidunta suna nan Agege, wa zai biyo mata haƙƙinta? Waliyyai, don Allah ku bari a gama lissafi kafin a ɗaure kaya.

A zaman nan dai mijin bai musa ba. Ya ce tabbas aro ne, hali ne babu. Liman ya sa aka rubuta ragowar bashin, shaidu biyu suka sa hannu, yana biya daga dakon da yake yi a kasuwar Mile 12, wani watan ya cika, wani watan ya gaza.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta ware miji da mata ba. Tun daga wannan zaman na sa doka a adashina. Duk wadda za ta miƙa wa maigida kwasarta, sai ya zo ko ya turo saƙon murya ya faɗa da bakinsa, aro ne ko kyauta, in rubuta a gefen sunanta. Wasu mazan sun ji haushi har sun cire matansu daga zubin. Yawancinsu suna turowa.