Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Na Ji Ƙarar Jijiyar da Aka Dasa Mini

A makon jiya na tsaya a inda muka dawo Kano daga Indiya, bayan an yi mini aikin zuciya an dasa jijiyoyi uku domin jini ya kewaye wuraren da suka toshe. Wata huɗu da dawowarmu, ina hawa benen gidan ƙanena sai na ji nauyi a ƙirji, kuma a daren nan ban runtsa ba, domin zuciyata ta ba ni cewa ɗaya daga cikin jijiyoyin da aka dasa ta toshe.

Likitan zuciya ya ce hanyar da ta fi tabbaci ita ce a zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi, a zuba rini a ɗauki hoto. Amma da ya duba gwajin ƙodata sai ya girgiza kai, domin shekara 16 ina fama da ciwon suga, kuma rinin yana iya ƙara wa ƙodar rauni. "Baba, bari mu fara da sikanin," in ji shi, "babu yanka, babu rini."

Na kwanta a ɓarin hagu, ya shafa mini wani mai mai sanyi, ya ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙarina kusa da ƙashin ƙirji, yana juya shi a hankali har tsawon lokaci. Can sai wata ƙara ta fito, kamar iska tana ratsa kara. Ya ce wannan Dofla ce, wadda ke auna gudun jini ta yadda sauti ke sauyawa idan ya dawo daga abu mai tafiya.

Bayanin da ya biyo baya ne ya fi tsaya mini a rai. Ɗaya daga cikin jijiyoyi ukun an ɗauko ta ne daga bayan ƙashin ƙirjina, kuma a mazauninta na asali jini ya fi gudu a cikinta lokacin da zuciya ta matse. Su kuwa jijiyoyin da ke ciyar da zuciya sun fi samun jini lokacin da ta saki, saboda matsewar tana danne su. Saboda haka idan an haɗa ta da jijiyar gaban zuciya kuma tana aiki, sai ta sauya hali. Ya nuna mini tudu biyu a allo, na biyun, wato na lokacin da zuciya ta saki, ya fi faɗi, ya ce, "Ga shi nan, Baba, tana ciyar da zuciya." Sannan aka sa mini adenosin, maganin da ke buɗe jijiyoyin zuciya, ta jijiyar hannu, na ji zafi ya rufe ni, numfashi ya yi nauyi na ɗan lokaci, gudun jinin kuwa ya fi ninki biyu, wanda shi ake nema.

Na ƙara ganin girmansa da bai ɓoye mini iyakar gwajin ba. Jijiyoyi biyun da aka ciro daga ƙafata suna gefe da bayan zuciya, inda na'urar ba ta gani sosai, kuma irinsu ne suka fi saurin toshewa. Ta ƙirji fiye da tara cikin goma suna nan a buɗe bayan shekara 10, na ƙafa kuwa kusan rabi kan lalace a wannan tsakanin. Ya danna ƙashin ƙirjina da yatsa, na ji ciwon nan daidai, ya ce mai yiwuwa ƙashin ne bai gama haɗewa ba, amma sai na dawo ranar Talata na hau injin tafiya a ga yadda sauran biyun za su yi. Labarin wannan Talatar zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.