Ranar da na haɗa wa akwatin kifi ruwan ɗigo

Asabar, Birnin Kebbi.

Yau na haɗa wa akwatin gilashin kifaye na, mai cin lita 200, hanyar da ruwa zai riƙa shiga da ɗigo yana fita da kansa, domin kwashe shi da bokiti duk mako yana firgita ƴan karfasan da ke ciki. Dole ce ta sa ake canza ruwan, saboda kashin kifi da ragowar abinci suna zama sinadarin amoniya, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin abin tace ruwan su mayar da shi wani sinadarin da ake kira naitiret, wanda ke ta taruwa in ba a rage ruwan ba.

Mai aikin famfo ya iso da hantsi, ya jawo siririn bututu daga tankin sama, wanda rijiyar burtsatse ke cikawa. Da ruwan famfon gwamnati ne, sai an fara tace kulorin ɗin da ke cikinsa, don yana lalata gaɓoɓin da kifi ke numfashi da su. A bakin bututun na ɗaura robar ƙarin ruwa irin ta asibiti da na saya a kemis, wadda ɗigo 20 nata ke yin mililita ɗaya. Na yi ta murza makullinta har ta tsaya a kusan ɗigo uku a sakan, sannan na tara gora mai rabin lita, ta cika cikin awa guda. Lita 12 ke nan a kwana, 84 a mako. Sai dai sabon ruwa yana gauraya da tsoho kafin ya fita, saboda haka abin da ke canzawa a zahiri a mako kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan akwatin ne, kuma a ganina ya wadatar.

Mafitar ce ta fi cin lokaci. Mai gilashi ya huda bangon baya kusa da sama, yana zuba ruwa a hankali kada ya tsage. Mai famfo ya ce, "Malam, ka sa bututun fita ya fi na shiga faɗi, in ya toshe cikin dare tabarmarka za ta sha." Na bi shawararsa, na kuma ɗaura raga a bakin don kada ƙananan kifaye su bi ruwa. Ƙarshen bututun yana gindin zogale.

Abin da ya rage shi ne zafi. Da la'asar na taɓa ɗigon na ji shi da ɗumi sosai, domin tankin yana shan rana tun safe. Gobe zan yi masa rumfar zana, kuma kafin nan zan riƙa rufe makullin daga azahar zuwa magariba.